Bel ɗin Injin Yankan Ciyawa: A Sauya Shi Kafin Ya Taɓa Moto

Wannan shirinmu ne na kula da kayan aiki. Idan damina ta kankama, ciyawa takan tashi a filayen makarantu, da harabar ofisoshi, da otal-otal, da gidajen da ke da lambu a Abuja da Kaduna da Jos. Wannan ne lokacin da injin yankan ciyawa yake shan aiki, kuma lokacin ne yake yawan ba da matsala. Yau maganarmu a kan mai amfani da lantarki ce, ko na waya ko na batir. A cikinsa ma, abu guda za mu duba, wato bel, robar nan da ke ɗaukar juyin moto ta kai wa wuƙa. Abin da nake so in tabbatar muku shi ne wannan. Bel abu ne da aka yi shi don ya ci, ya ƙare, a sauya. Idan ya nuna alamar gajiya, a sauya shi da wuri, a sa irinsa daidai, kuma a binciki abin da ya cinye shi. Da wuri, da irinsa, da bincike. Za ku ji na yi ta maimaita waɗannan uku, domin barin ɗaya daga cikinsu shi ke mai da ƙaramin gyara ya zama asarar inji.

Kashi na farko, bari mu leƙa cikin injin mu ga aikin da bel yake yi. Injin yankan ciyawa tsohon abu ne. Wani Bature mai suna Edwin Budding ne ya ƙirƙiro shi a 1830, a yankin Stroud na ƙasar Ingila, bayan ya lura da na'urar da ke aske gashin yadi a masaƙar ulu. Nasa turawa ake yi da ƙarfin hannu. Na yau kuwa, mafi yawansu wuƙa ɗaya ce a kwance a ƙarƙashi, tana juyawa kusan sau 3,000 a minti. Ku lissafa, sau 50 ke nan a daƙiƙa guda. To amma ba kowane injin lantarki ne yake da bel ba, kuma ya kamata mai sauraro ya san wannan kafin ya ɗauki sukundireba. Akwai wanda aka ɗaura wuƙar kai tsaye a kan sandar moto, shi babu bel a cikinsa. Akwai wanda moton yake gefe kaɗan, bel ya haɗa shi da wuƙar, kamar da yawa daga cikin samfurin Rotak na kamfanin Bosch. Akwai kuma mai tafiya da kansa, wanda bel ɗinsa tayu yake juyawa. Littafin injin zai gaya maka wanne ne naka.

Me ya sa ake sa bel tun farko? Dalilin shi ne gudu. Injinan gida marasa nauyi sukan yi amfani da ƙaramin moto mai burushin kabon, irin wanda ke cikin injin huda bango. Irin wannan moto yana da arha, ba shi da nauyi, amma gudunsa ya wuce kima. Yakan juya fiye da sau 10,000 a minti. Wuƙa ba ta son wannan gudu. Ƙarfi take so. Sai aka sa ƙaramin fuli a kan moto, wato ƙaramar gargarwar da bel yake hawa, aka sa babban fuli a kan sandar wuƙa. Ƙaramin sai ya juya sau uku ko huɗu kafin babban ya juya sau ɗaya. Gudu ya ragu, ƙarfi ya ƙaru. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban injin markaɗe ya ga bel yana wannan aiki da idonsa, fuli biyu, roba a tsakani, ɗaya yana jan ɗaya. Na injin ciyawa ƙarami ne kawai, kuma a ɓoye yake a cikin murfi.

Bel iri uku za ka tarar. Na farko shi ne mai kaifin ciki, wanda makanikai ke kira fambel. John Gates ne ya fito da shi a 1917 a birnin Denver na Amurka. Shi da gefunansa biyu yake kama fuli, ba da cikinsa ba. Ku riƙe wannan, da gefe yake kamawa. Saboda haka ranar da ka ga ya nutse har yana taɓa ƙasan ramin fuli, gefunan sun cinye, kuma komai ɗaurin da ka yi masa ba zai kama ba. Na biyu shi ne mai faɗi, siriri, mai layuka a tsaye a cikinsa. Shi ya fi yawa a injin ciyawa na lantarki, domin yana iya lanƙwasawa a kan ƙaramin fuli ba tare da ya yi zafi sosai ba. Na uku mai haƙora ne, haƙoransa suna shiga cikin na fuli. Dukkansu roba ce a waje, a ciki kuma akwai zare mai ƙarfi da ke hana su miƙewa. Zaren ne yake ɗaukar nauyi. Robar ce take kamawa.

Akwai aiki na biyu da bel yake yi, kuma a kansa hujjata ta dogara. Filayenmu ba su rasa dutse, da guntun bulo, da kututture, da ƙarfen da ciyawa ta rufe. Wuƙar da ke juyi 50 a daƙiƙa idan ta daki dutse, tsayawa take yi nan take. Wannan bugu dole ya sauka a wani wuri. Idan akwai bel, a kansa yake sauka. Ya zame, ko ya zubar da haƙora, ko ya tsinke. Moto ya tsira. Aikinsa a nan kamar na fis ne a wayar gida, ƙaramin abu mai arha da ke ƙonewa don babba mai tsada ya kuɓuta. Saboda haka mutuwar bel ba ta nuna injin ba shi da kyau. Amma tana nuna wani abu. Ko dai shekaru ne suka cinye shi, ko kuwa akwai abin da yake wahalar da shi, kuma wannan abin yana nan yana jiran sabon da za ka sa.

Mun shiga kashi na biyu, yadda za ka gane bel ya gaji. Ku ɗauki misalin mai kula da filin makaranta da safe. Ya kunna inji, ƙara ta tashi lafiya. A gajeriyar ciyawa yana yanka babu matsala. Da ya shiga inda ta yi kauri, sai ya ji wani kuka siriri, moto yana gudu amma wuƙa ta rage sauri. Ya waiwaya, ya ga ciyawar a kwance take, an tattake ta ba a yanke ba. Can sai warin roba mai ƙuna ya bugi hancinsa. Waɗannan uku, kuka da rashin yanka da warin roba, alamar bel ne mai zamewa. Idan ka buɗe, idonka zai ƙara maka shaida. Za ka ga cikin bel ɗin ya yi sheƙi ya yi santsi. Za ka ga tsaga-tsaga idan ka lanƙwasa shi. Za ka ga zare ya fito a gefe, ko baƙin gari ya taru a cikin murfi. Wannan baƙin garin jikin bel ɗin ne yake zuba.

Sai dai ba kowane rauni ne laifin bel ba, kuma kunne zai raba maka gardama. Ku saurara da kyau. Idan moto yana gudu, ƙararsa ma ta fi ta kullum tashi sama, wuƙa kuwa ba ta motsi, bel ya tsinke ko ya sauka. Idan moto yana gurnani ba ya juyawa, wani abu ya toshe wuƙa, ko boris, wato zoben da sanda ke juyawa a cikinsa, ya kama, ko moton ne kansa. Kashe shi nan take. Idan kuwa shiru ne gaba ɗaya, duba waya da filogi da makunni da batir. Akwai kuma matsalar da muka fi kowa sani, raunin wuta. Irin wannan inji yakan ci wat 1,000 zuwa 1,800, kuma an yi shi ne don wuta mai ƙarfin bolt 230. Ƙaramin janaretan da ke ɗaukar fanka da talabijin ba zai iya da shi ba. Doguwar waya siririya ita ma tana shanye ƙarfin wuta kafin ya iso. A wannan hali moto da wuƙa tare suke yin sanyi, ƙarar duka ta yi ƙasa. A matsalar bel kuwa, moto yana gudu, wuƙa ce take baya. Wannan bambanci zai hana ka sayen abin da ba ka bukata.

Yanzu ga ƙorafi na farko, kuma na san da yawa suna yin sa a zuci. Wani zai ce, Malam, ai injin yana aiki, ko da kuka yana yanka, me zai sa in kashe kuɗi kafin bel ɗin ya tsinke? Tambaya ce mai ma'ana a lokacin da kuɗi ke wuya. Amsar tana cikin zafi. Duk bel da ke zamewa gogayya yake yi, gogayya kuma zafi take haifarwa. Zafin ba ya tsayawa a roba. Yana shiga fuli, ya gangara sanda, ya isa boris. Giris ɗin cikin boris ya narke ya tsiyaye. A yawancin injinan gida, fuli ɗaya ko mazaunin boris na roba mai tauri ne, kuma zafi yana lanƙwasa shi. Ranar da mazaunin boris ya narke, maganar bel ta wuce, an koma neman babban sashe wanda sau da yawa ba a samun sa shi kaɗai. Ga kuma aikin kansa. Filin da ake gamawa da safe sai ya kai azahar, ana bi sau biyu, moto yana ta zafi, wuta tana ta tafiya. Wanda ya jira bel ya tsinke bai tsira da kuɗin bel ba, zai saya ɗin dai. Abin da ya ƙara shi ne kuɗin abubuwan da bel ɗin ya lalata kafin ya mutu.

Ƙorafi na biyu daga masu dabara yake zuwa. Za su ce, ai idan bel yana santsi sai a shafa masa kwalta ko ƙaro, ko a ƙara ɗaure shi, ya ci gaba da aiki. Ban musa cewa hakan yana kai mutum ƙarshen yini ba, musamman a babban bel mai faɗi da ke waje ana ganinsa. Amma a injin ciyawa lissafin ya bambanta. Bel ɗin yana cikin wuri mai ƙura da garin ciyawa da yashi. Duk abin da ke da danƙo zai tara su, ya cika layukan fuli, bel ya daina zama a mazauninsa. Mai kuwa, ko baƙi ko na girki, kumbura roba yake yi ya ruɓar da ita. Ƙara ɗauri ya fi haɗari. Bel da ya yi santsi ba sakwarkwacewa ce matsalarsa ba, fuskarsa ce ta mutu. Idan ka ja shi da ƙarfi, ƙarfin a kan boris na moto yake sauka, yana jan sanda gefe guda a kowane juyi. Ka ceci roba na mako biyu, ka kashe boris.

Kashi na uku, aikin kansa. Kafin komai, cire wuta. Ban ce ka kashe makunni ba. Cire filogi daga soket, ka jawo shi kusa da kai inda idonka yake ganinsa. Idan na batir ne, cire batirin, ka cire ɗan makullin tsaro idan yana da shi. Zan sake faɗa, domin a nan ne yatsu suke tafiya. Cire filogi. Kada ka dogara da cewa an ɗauke wuta, domin ba ta sallama idan za ta dawo. Kada ka dogara da cewa babu kowa a kusa, domin yaro yana iya danna makunni yana wasa. Idan injin ya gama aiki yanzu, bar shi ya huce. Sa safar hannu mai kauri, wuƙar da ta dakushe ma tana yanka. Nemi wuri busasshe mai haske. Shimfiɗa buhu ko kwali, ka ajiye kwano ɗaya na zuba sukurori, don ƙaramin sukuru idan ya faɗa ciyawa ya tafi ke nan.

Kwantar da injin a gefensa. Cusa guntun katako tsakanin wuƙa da jikin injin don kada ta juya, sannan ka kwance notin tsakiya da sifana daidai da shi. A yawancin injina hagu ake juyawa a kwance, amma duba littafi. Kafin ka zare wuƙar, ɗauki hoto da wayarka. A kowane mataki ɗauki hoto. Wuƙa tana da sama da ƙasa, akwai washa, wani lokaci da fanka ta roba a bayanta, kuma kowanne da mazauninsa. Wuƙar da aka mayar a kife tana juyawa lafiya amma ba ta yanka, sai mutum ya zargi sabon bel. Daga nan kwance murfi. A wasu injinan bel yana nan a fili. A wasu sai ka ciro moto da mazauninsa gaba ɗaya. Idan ka ciro, kada ka bar shi yana lilo a jikin wayoyinsa, kuma kada ka taɓa abin da ba shi ya kawo ka ba. Wani moton lantarki yana da kafasito, wani ɗan gwangwani da ke riƙe wuta ko bayan an cire filogi. Bar shi inda yake.

Ga tsohon bel a hannunka. Kada ka yar. Juya bayansa ka nemi lamba, domin lambar ita ce sunansa a kasuwa. A mai layuka za ka ga wani abu kamar 5PJ 490. Biyar ɗin adadin layuka ne. Haruffan PJ girman layin ne, tsakanin layi da layi milimita 2.34. Lambar ƙarshe tsawonsa ne a milimita. A fambel kuwa harafi ne da lamba. Mai harafin A faɗin bayansa milimita 13 ne, mai B 17, lambar da ke biye kuma tsawo ne, yawanci a inci. Idan rubutun ya goge, duba farantin da ke jikin injin, ka kwafi sunan kamfani da lambar samfuri, ka ƙirga layukan da idonka, ka tafi da tsohon bel ɗin wurin mai kaya. Amma ka sani tsohon ya miƙe. Wasu injinan ma bel mai talewa suke amfani da shi, wanda da gangan aka yi shi gajere don ya ɗaure kansa. Sabon irin wannan zai yi maka kamar ya yi kaɗan. Bai yi kaɗan ba. Lamba ta fi awon zare gaskiya.

A nan ƙorafi na uku yake shigowa, kuma shi ya fi nauyi. Mai sauraro zai ce, wannan inji daga waje aka kawo shi, wataƙila ma na hannu ne, ina zan sami bel ɗinsa a garinmu? Ba gara in sa wanda ya yi kusa ba? Gaskiya ne samun sa yana wuya. Amma bel ɗin ba na injin ciyawa kaɗai ba ne. Girmansa na bai ɗaya ne a duniya. Irin layin PJ ɗin nan ana samun sa a injin wanki da injin goge katako da wasu ƙananan na'urori. Saboda haka kada ka shiga kasuwa kana tambayar bel na injin ciyawa, za a ce babu. Shiga da lamba. A Panteka ta Kaduna, ko Sabon Gari da Ƙofar Ruwa a Kano, masu kayan injina da lamba suke aiki, wanda ba shi da shi kuma yana iya yin oda. Sunan kamfani yana iya bambanta, babu laifi. Lamba ce ba ta bambanta. Wanda ya fi tsawo da kaɗan zai zame tun ranar farko. Wanda ya gaza zai ci boris. Mai layi huɗu a wurin mai biyar zai ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinsa. Kuma ka duba yadda aka ajiye shi. Roba tana tsufa ko ba ta yi aiki ba. Bel da ya shekara a rataye a ƙusa, rana tana dukansa a garin da zafin bazara ke haura digiri 40, tsoho ne ko da ba a taɓa sa shi ba. Lanƙwasa shi a gaban mai kaya. Idan ya yi tauri ko ya nuna tsaga, ajiye masa. Idan ka sami mai kyau kuma da hali, sayi biyu, ka ɓoye ɗaya a leda a inuwa.

Kafin ka sa sabon, tsaya. Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, wato bincike. Tsohon bel yana ba da labari. Idan ya tsattsage ko'ina daidai, tsufa ne, babu damuwa. Idan gefe ɗaya ne ya cinye, fuli biyun ba sa kan layi ɗaya. Idan wuri guda ne ya ƙone ya rame, wuƙa ta taɓa tsayawa moto yana gudu. Yanzu kama babban fuli ka juya shi da hannu. Ya kamata ya juya sumul, babu ƙara. Idan ka ji yana ɓurɓur kamar da yashi a ciki, ko ka girgiza shi ya yi lilo, boris ya tafi. Shi ma yana da lamba a gefensa, kuma samun sa ya fi na bel sauƙi. Sa sabon bel a kan mataccen boris zubar da kuɗi ne. Sai ka goge ramukan fuli da tsohon burushin haƙori, ka fitar da roba da ciyawar da suka daskare. Duba wuƙa. Idan ta lanƙwashe ko gefe ɗaya ya fi nauyi, girgizarta tana cin bel da boris tare. Rataya ta a ƙusa ta ramin tsakiya. Ɓangaren da ya rinjaya shi ya fi nauyi. Wuƙar da ta tsage kuwa ba a yi mata walda, sauyawa ake yi.

Sa bel ɗin ba shi da wuya idan an bi tsari. Fara ɗora shi a ƙaramin fuli, layi cikin layi. Sannan ka ɗora gefensa a bakin babban fuli, ka danne da babban yatsa, kana juya fulin a hankali. Zai hau da kansa. Kula da yatsunka kada su shiga tsakani. Kada ka ɓanɓare shi da sukundireba. Ƙarfen yana yanke zaren ciki inda ido ba ya gani, bel ya tsinke bayan kwana kaɗan, a ce jabu ne. Idan injinka yana da sukurorin matsar da moto, sassauta su tukuna, ka sa bel, sannan ka ja har ya yi tauri amma yana ɗan lotsawa idan ka danna tsakiyarsa. Juya da hannu sau da yawa, ka duba ko'ina ya zauna, babu layin da ya hau baki. Mayar da komai bisa hotunanka. Ɗaure notin wuƙa sosai, da katakon nan a wurinsa.

Wani zai ce, duk wannan ba aikin makaniki ba ne? Wani lokaci nasa ne. Idan injin sabo ne yana da garanti, buɗe shi yana iya soke garantin, mai da shi inda aka saya. Idan ka ji warin waya mai ƙuna, wanda ya bambanta da na roba, ko ka ga tartsatsi mai yawa a moto, wannan na mai gyaran lantarki ne. Idan kai ma'aikaci ne injin na makaranta ne ko na maigida, sanar kafin ka kwance, kuma ka nuna tsohon bel ɗin, don a san aiki ne ya ci shi. Amma ko za ka kai wa makaniki, sanin nan yana yi maka amfani. Wanda ya je ya ce inji ba ya ja, komai aka faɗa masa sai ya karɓa, har da cewa sai an sake naɗin koyil. Wanda ya je ya ce moto yana gudu wuƙa ba ta bi, a duba bel da boris, ya riga ya rage rabin gardama. Nemi a ba ka tsohon da aka cire, ka gwada lambarsa da ta sabon.

Akwai kuma masu cewa maganin abin shi ne a sayi inji marar bel. Suna da hujja. Wanda wuƙarsa ke kan moto kai tsaye ba shi da abin zamewa, kuma ga mai fili mai tsabta zaɓi ne mai kyau. Amma a filin da ke da duwatsu, bugun da bel zai sha sandar moto ce take sha. Sandar da ta lanƙwashe ba ta miƙuwa yadda take, kuma kuɗin moto ba ya nesa da kuɗin inji. A ganina, ga irin filayen da muke da su, abin da ke mutuwa da arha a sauya shi cikin awa guda ya fi abin da ba ya mutuwa sai da injin gaba ɗaya.

Saura gwaji. Tsayar da injin a kan tayunsa, a fili mai tsabta, babu yaro a kusa. Sa takalmi rufaffe. Idan da hali, soket ɗin ya kasance yana da na'urar yanke wuta mai miliamfiya 30, wadda ke katsewa idan wuta ta bi jikin mutum. Kunna na ɗan lokaci ka saurara. Ƙara ɗaya santala kake nema, babu kuka, babu girgiza. Kashe, cire filogi, shinshina, taɓa murfi. Idan lafiya, fara da gajeriyar ciyawa. Daga yau kuma, zaga filin ka tsince duwatsu kafin ka kunna. Ciyawar da ta kai gwiwa, a fara sare ta da adda, ko a ɗaga injin sama a bi sau biyu. Kada a yanka jiƙaƙƙiya, tana toshe ƙarƙashi ta danne wuƙa, ga haɗarin ruwa da lantarki. Bayan aiki a kankare abin da ya manne da katako, ba da tiyo ba. Idan rani ya zo aka ajiye injin, a sa shi a ɗaki, a rufe shi daga ƙurar hunturu, kada a bar shi a ƙarƙashin kwano yana gasuwa har wata damina.